Kankaren da Mama Ta Shanya

Tun daga bakin ƙofa ta hango su: curin kankare guda huɗu, an jera su kan tabarma a tsakiyar rana, kusa da wanki. Bahon da ta bar su a ciki an wanke shi an kife.

Injiniya ake ce mata a gida tun ranar da ta shiga jami'a. Mama ce ta laƙaba mata, rabi zolaya rabi alfahari. Curin nan su ne aikinta na ƙarshen shekara, kuma ƙa'idarsu su zauna cikin ruwa har ranar da za a matse su a inji a auna ƙarfinsu. Tankin ɗakin gwaji ya tsage, ba wanda ya gyara, shi ya sa ta kwaso su gida.

Mama ta fito tana goge hannu da gefen zani, fuskarta cike da fara'a. Ta ce tun washegarin komawar Injiniya makaranta ta tsamo su, kullum tana juya su don rana ta ratsa ko'ina.

"Kin ga yadda suka bushe ƙayau? Ke da karatun naki, wa ke jiƙa bulo?"

Injiniya ta durƙusa ta taɓa ɗaya. Sai yanzu ta tuna ba ta taɓa zama ta yi wa Mama bayani ba.

* * *

Da yaushe za ta yi? Ita ce shugabar aji. Dakta, malamin da ke duba aikinta, yana da kwangilar gini a wani gari, don haka ita ke koyar da 'yan aji ɗaya a madadinsa, ita ke duba takardunsu, ita ke ce musu Dakta yana taro. Saboda jarrabawarsu ne ma ta daɗe a makaranta ba ta leƙo gida ba. Albashi na Dakta, alli a hannunta. Kowa a sashen ya sani, suna kiran abin horo. Ba horo ba ne, cuta ce.

Ranar gwaji inji bai sha wahala ba. Curi ukun da ta kai suka ruguje tun kafin allurar awon injin ta hau. Dakta, da siminti a takalmansa, ya girgiza kai ya ce ɗaliban yanzu ba sa mai da hankali. Ya ce sai ta maimaita kwas ɗin baɗi. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Af, gobe ki riƙe min ajin safe."

Ta ji bakinta ya ce, "To, Dakta."

* * *

Da yamma ta zauna kusa da Mama, ta yi mata darasin da ya kamata ta yi tuntuni: kankare da ruwa yake ƙarfi, in rana ta riga shi sai ya zama gari. Ta faɗa a hankali, har da dariya, ta ce laifin tanki ne. Mama dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Da safe Injiniya ta fito rungume da takardun ajin Dakta. Baho na cike da ruwa, curi na huɗu, wanda ta bari a gida, yana kwance a ciki. Mama na tsugune a gefe da kofi a hannu, tana zuba masa kaɗan-kaɗan.

"Ko zai farfaɗo, Injiniyata," ta ce, ba ta ɗago ba.

Injiniya ta ajiye takardun a ƙasa, ta tsuguna, ta karɓi kofin ta ƙara masa.