Ƙorafi Arba'in Kafin Ƙarshen Wata

Ofishin nan hawa uku ne, ma'aikata hamsin da 'yan kai, kwamfuta sittin da ɗaya, kuma duk kwamfutocin a wuyan mutum ɗaya suke. Kashe-Kunna ake ce masa, don ko me ka kawo masa, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka kashe ta ka kunna?" Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, ba taga, ga sanyi kamar cikin firiji, saboda a nan babbar kwamfutar da ke riƙe da takardun ofis duka take zaune tana gurnani. Shekara goma sha tara ke nan suna tare a ɗakin, shi da ita da buroshin kakkaɓe ƙura da akwatin wayoyi, kowace waya ya naɗe ta ya liƙa mata suna.

Mutum ne mai ra'ayi, sai dai ba shi da mai sauraro in ba maigadi ba. Kullum da azahar yakan fito da kofin shayinsa ya zauna a bencin bakin ƙofa ya buɗe majalisa.

"Baba maigadi, masu ƙera kayan nan ba gyara suke sayarwa ba, ciwo suke sayarwa. Bana su sayar maka da ciwon, baɗi su sayar maka da maganin, in shekara ta zagayo su ce maganin ya tsufa. Su ɗauke maɓalli daga dama su mai da shi hagu, su ce an ci gaba. Kwanan nan kuma wai mu kai takardunmu gajimare. Gajimaren me? Kwamfutar wani ce a ɗakin wani, shi ma yana can yana jin sanyi kamar ni."

"Haka ne," in ji maigadi, wanda bai taɓa musa masa ba, bai kuma taɓa fahimta ba.

Aƙidarsa ɗaya ce: da sabon gini gara yaɓe. Ƙarfe bakwai yake zuwa, awa guda kafin kowa, ya bi tebur-tebur yana kasa kunne. In ya ji fankar wata kwamfuta ta soma ƙara, ya canza ta tun ba ta mutu ba. In ya ga waya ta soma lauyewa, ya sa sabuwa. Saboda haka babu abin da yake lalacewa a ofishin, har mutane suka ɗauka haka Allah ya halicci kwamfuta, ka danna ta kawo. Wasu ma ba su san da mutum a ƙarƙashin matakalar ba.

Ana nan sai hedikwata ta sayo wata manhaja mai auna ƙwazon ma'aikata. Kashe-Kunna ne ya ɗora ta da hannunsa, yana ɗorawa yana tsaki. Direba ana auna shi da yawan tafiya, sakatariya da yawan wasiƙu. Shi kuwa mai gyara, da yawan ƙorafin da ma'aikata suka shigar a manhajar, ya gyara ya rufe.

Bayan wata shida Manaja ya kira shi, ya juyo masa da allon kwamfuta.

"Injiniya, ka ga wannan? Sifili. Wata shida babu ƙorafi ko ɗaya."

"Madalla, ranka ya daɗe," in ji shi, har da murmushi.

"Ba abin madalla ba ne. Manhaja ta ce ba ka aikin komai."

"Ai aikin ke nan, ranka ya daɗe. Rigakafi ya fi magani."

"Ni na yarda. Amma babu gurbin rigakafi a cikinta, na duba. Hedikwata ta ce ƙorafi arba'in kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a soke kujerarka."

Ya fito ya koma ɗakinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don 'ya'ya huɗu gare shi, kuma a shekarunsa ba ya jin akwai wanda zai ɗauki mutumin da ke ƙin sababbin kaya.

Da yamma ya tarar da ƙanin matarsa a gida, makanike ne, ya zo gaishe da yayarsa. Da ya ji labari sai ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Haba Yaya! Wannan ce matsalar? Ka ɗaure noti ɗaya ka sassauta ɗaya mana. Wa ya ce maka ana gyara a gama?"

"Baban yara," in ji matarsa, "ni dai ban ce ka cuci kowa ba. Amma zare waya ɗaya ai ba kisan kai ba ne."

Washegari ƙarfe bakwai ya hau hawa na biyu, ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya zare wayar firinta. Ya miƙe yana waige-waige kamar wanda ya saci kaza. Ya sauko har ya kai ɗakinsa ya zauna, sai ya dinga hango 'yar fitilar firintar a mace. Minti bakwai ya iya daurewa. Ya koma da sauri ya mayar da wayar kafin kowa ya iso. Rana ta biyu ya daure minti goma sha ɗaya. Rana ta uku Sakatariya ta yi sammako, ta same shi a durƙushe yana shafa firinta yana cewa, "Yi haƙuri, ba halina ba ne."

Sakatariya ta girme shi, kuma ta riga shi fara aiki a wurin, shi ya sa yake ce mata Yaya. Ta ajiye jakarta ta tsare shi da ido har ya faɗa mata komai.

"Kai dai Allah ya yi maka ilimi ya rage maka wayo," in ji ta. "Manhajar nan ta ce lalle sai ƙorafin kwamfuta?"

"Ƙorafi kawai ta ce. Sai dai ba ta karɓa sai an sa lambar wata na'ura."

"To ga lambar tawa." Ta zauna ta rubuta: hannun kofina ya karye. Ta danna.

Ya sauka ya ɗauko gam, ya liƙe hannun kofin, ya jira ya bushe, ya ja shi sau biyu ya tabbata, sannan ya rufe ƙorafin. Manhaja ta ba shi koren tauraro.

Kafin la'asar magana ta zagaye hawa ukun. Direba ya shigar da cewa takalminsa na hagu yana matsa shi. Mai shara ta ce tsintsiyarta tana zubar da gashi. Wani akawu a hawa na uku ya ce inuwarsa ta fi ta kowa gajarta a ofis, yana zargin fitila. Kowa ya sa lambar kwamfutar da ke kan teburinsa, wanda ba shi da tebur ya ari ta maƙwabci. Kashe-Kunna kuwa bai iya rufe aiki da ƙarya ba, saboda haka duk sai da ya gyara su da gaske. Ya cusa jiƙaƙƙiyar jarida a takalmin ta kwana, ya ɗaure tsintsiya da wayar intanet, ya matsar da teburin akawu taku biyu inuwarsa ta yi tsawo.

Sati na biyu abin ya girmama. Jami'in sufuri ya sauko da kansa ƙarƙashin matakala, ya rufe ƙofa, ya ce ƙorafinsa mai lamba sittin da huɗu ba na rubutawa ba ne dalla-dalla. Kwana tara ke nan shi da matarsa ba sa magana.

Kashe-Kunna bai san komai a wannan fanni ba, bakinsa ne kawai ya riga shi. "Ka kashe ka kunna?"

"Kamar yaya?"

Sai da ya yi tunani. "Ka fita daga gidan gaba ɗaya. Ka tsaya a waje ka ƙirga talatin. Ka dawo ka yi sallama, ka gaishe ta kamar yau kuka fara haɗuwa."

Washegari mutumin ya shigo yana washe baki, ya ce Madam ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, yanzu layi ya dawo. Manhajar ba ta da gurbin aure, sai aka sa shi a ƙarƙashin matsalar sadarwa.

Gaskiyar magana, Kashe-Kunna bai taɓa jin daɗin aiki irin na wannan watan ba. Ɗakin da shekara goma sha tara ba mai leƙowa, yanzu sai an bi layi. Ana gaishe shi a matakala, ana tambayarsa ya yara. Har ra'ayinsa a kan masu ƙera kaya ya samu masu sauraro, maigadi ya huta. Da safe yana zagayensa kamar kullum, kwamfutoci suna lafiya lau, da rana kuma ya gyara mutane. Zuwa ranar talatin ga wata ƙorafi ɗari uku da goma sha biyu ya rufe. Manhaja ta buga masa takardar yabo, Manaja ya sa ta a gilashi ya miƙa masa ana tafi.

Ashe an gudu ba a tsira ba. Kwana huɗu bayan nan Manaja ya sake kiransa, wannan karon bai juyo da allon ba, bai kuma iya kallonsa ba.

"Injiniya, hedikwata ta ga rahoto. Sun ce kowace kwamfuta a nan ta lalace sau biyar a wata ɗaya. Ta teburin jami'in sufuri sau goma sha ɗaya. Sun ce ba su taɓa ganin ruɓaɓɓun kaya irin namu ba. Za a kwashe su duka a kawo sababbi, a ba wani kamfani yana kula da su daga nesa."

"Ni fa, ranka ya daɗe?"

"Sun ce wanda kaya suka ruɓe haka a hannunsa..." Manaja ya shiga gyara biro a kan tebur.

Sakatariya ta ce ba za ta saɓu ba. Ta rubuta wa hedikwata gaskiyar abin da ya faru, tun daga hannun kofi, mutum hamsin suka sa hannu. Amsa ta dawo a layi ɗaya: ba a karɓar ƙorafi sai ta manhaja. Ta shigar ta manhaja. Manhaja ta duba ta ga maganar kwamfuta ce, ta tura wa Kashe-Kunna, ƙorafi ya zama ɗari uku da goma sha uku.

Ranar Litinin ƙorafi na ƙarshe ya faɗo masa daga hedikwata: a rufe shafin ma'aikaci mai lamba goma sha huɗu, a kashe katinsa na buɗe ƙofa. Ya zaro katin da ke rataye a wuyansa ya duba, ko da yake ya san lambar kamar sunansa. A duk ofishin shi kaɗai ke da ikon rufe shafin ma'aikaci.

Sakatariya ce ta fara gano abin. Ta sauko da saurinta tana haki. "Kada ka taɓa shi! Muddin ba ka rufe ba, a wajen manhaja kai ma'aikaci ne. Wa zai rufe? Wancan kamfanin ma sai ka buɗe musu za su shigo. Ka bar shi a buɗe har ka yi ritaya."

Ƙanin matarsa ma da ya ji sai ya ce, "Yaya, wannan ai sun ba ka wuƙa da nama. Wanzami ma ba ya son jarfa, balle kai."

Ya ga gaskiyarsu, ya bar shi. Ranar Litinin launin ƙorafin fari ne a kan allo. Talata ya koma ruwan ɗorawa. Laraba ya yi ja, ya soma ƙyaftawa, a ƙasansa an rubuta: aikin da ba a gama ba. Kashe-Kunna ya juya wa allon baya, ya rufe shi da tawul, ya fita shan shayi ya dawo. Jan yana ratso tawul ɗin. Shekara goma sha tara babu wanda ya taɓa ce masa ga aikinka ba ka gama ba, ko mutum ko na'ura. Ya tuna 'ya'yansa huɗu, ya jera sunayensu a zuci ɗaya bayan ɗaya, ya sake jerawa. Ya daure har ƙarfe uku.

Sannan ya cire tawul, ya yi aikin yadda ake yin sa. Ya kwafe takardun shafin ya adana. Ya buɗe wa kamfanin hanya. Ya rubuta musu wasiƙa shafi biyu, ko da yake ya san ba za su karanta ba: firintar hawa na biyu ba ta son takarda mai laima, babbar kwamfuta in ta yi gurnani sau biyu a jere fanka take nema. Ya danna. Jan ya koma kore.

Ya ɗauki buroshinsa da kofinsa ya fito, ya ja ƙofar ta kulle. Sakatariya na tsaye a kan matakala, ta ga fuskarsa ta gane, ta dafe kai.

Shi dai ba ya barin aiki bai gwada ba. Ya kara katinsa a jikin ƙofar. Ta yi ƙara, ta nuna ja, ta ƙi buɗewa. Ya sake karawa don ya tabbata, ta sake ƙi. Sai ya ji wannan ɗan daɗin da yakan ji duk lokacin da aiki ya fita tsaf ya taso masa a ƙirji, kuma daɗin nan ne ya sa hawaye suka zubo masa.

"Me ka yi, ƙanina?" in ji Sakatariya a hankali.

Ya share ido da bayan hannu, ya miƙa mata katin.

"Yana aiki, Yaya," in ji shi. "Na gwada sau biyu."