Kifin da ya ɓace a falon Maharazu

Duk wanda ya san Kura ya san ba mu rasa ruwa ba, ba mu rasa kifi ba. Ga kanal nan ya ratsa gonaki tun daga madatsar ruwa ta Tiga, da karfasa da tarwada a cikinsa. Amma ƙanena Maharazu, da Allah ya buɗa masa a harkar injin shinkafa, sai ya ce shi kifin teku yake so. Ba don ya ci ba, wai don ya riƙa kallo.

Daga Legas aka kawo masa akwatin gilashi, tsawonsa ya kusa gadon kwana, aka girke a falo. Ruwan ciki ma ba irin namu ba ne, sai an tace shi an zuba wani gishiri da ke zuwa a buhu. Aka jera wasu duwatsu masu ramuka a ciki, a jiƙe aka kawo su, wai daga gindin teku aka ciro su, kuma wai suna da rai. Na ce, "Dutse mai rai, Maharazu? To Allah ya raya mana shi." Bai yi dariya ba. Tun yana ƙarami ba ya son a taɓa abinsa, ko da da baki ne.

Ni ce Kubra, babbar yayarsa. Ina aure a Bunkure, a gidan gandu, ni da yara da tukwanen turara shinkafa duk a matse. Shi ya sa da Inna ta rasu, tunanin mahaifinmu Malam Dattijo ya fara gushewa, sai Maharazu ya ɗauko shi ya ba shi ɗaki a gidansa. Baba ya manta hanyar masallaci, ya manta ya ci abinci ko bai ci ba, ni kaina ya manta ni. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, baiwar Allah, daga ina?" Maharazu kaɗai yake ganewa, shi kaɗai yake kira da suna. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don ni ce nake zuwa in wanke masa kaya.

Tsorona ɗaya ne. Maharazu ya fara gajiya. Ya taɓa furta mini cewa akwai wani malami can bayan Madobi mai karɓar irin su Baba. Ni kuwa na san wurin, na san da mari ake ɗaure mutane a gindin bishiya. Na ce masa ba da raina ba. Ya ce in ina da inda zan ajiye shi in zo in ɗauka. Ya san ba ni da shi.

Da akwatin nan ya zo, sai Baba ya samu abin yi. Ya daina sulalewa bakin kanal a yi ta cigiya. Zai zauna a kan tayil ya naɗe ƙafa, ya yi ta kallon kifayen da aka zuba a ciki, masu launi kamar atamfa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Har na fara sa wa akwatin albarka.

Sai Maharazu ya ƙaro wani ɗan kifi sabo, bai fi babban yatsa ba, ruwan lemo da ratsin fari. Ya sa shi da yamma yana ta ɗaukar hotonsa a waya. Gari ya waye babu kifi. Ya duba bayan akwati, ya kwance injin da ke juya ruwan, ya haska ramukan duwatsu da fitila, ko ƙaya bai gani ba. Ya kira wanda ya sayar masa, aka ce ya yi haƙuri, baƙon kifi yakan ɓuya. Kifi bai fito ba. Maharazu ba ya son a ce abu ya gagare shi, sai ya sa aka aiko masa da wani irinsa sak.

Kafin na biyun ya iso, ya riga ya ga hannun rigar Baba a jiƙe har kafaɗa.

Nan ne zargin ya samu gindin zama. Baba a zamaninsa babu wanda ya kai shi lalube. In aka ɗauke ruwan kanal don gyara, shi ne kan gaba a cikin taɓo, ya zura hannu a rami ya zaro tarwada ba tare da ta soke shi ba. Da wannan kifin ake yi mana miya muna yara. Maharazu ya ce ai mai hali ba ya fasa halinsa, tsohon ya manta sunan kowa amma hannunsa bai manta sana'a ba.

Ina tsakar turara shinkafa da hantsi, matarsa Fa'iza ta kira ni a waya.

"Yaya Kubra, ki zo yanzu. Sabon kifin ma ya ɓace, kuma Alhaji ya kama Baba da hannu a cikin ruwa. Wallahi tsoro nake ji."

Na bar tukunya a kan wuta, na yafa mayafi na tare ɗan acaɓa.

Tun daga zaure nake jin muryar Maharazu. Na wuce Fa'iza a tsakar gida, tsaye kusa da turmi, ta bar dakan da take yi tana share ido. Da na shiga falo na tarar da Baba a ƙasa, ya jingina da ƙafar akwatin, rigarsa sharkaf. Ya dunƙule hannunsa na dama ya manna a ƙirji. Maharazu na tsaye a kansa, hula a ƙeya.

"Buɗe hannun nan, Baba."

"Nasu ne," in ji Baba.

"Na ce ka buɗe!"

Na ce, "Maharazu, kana cikin hankalinka? Wa kake ɗaga wa murya?"

Ko juyowa bai yi ba. "Yaya, kada ki sa baki. Ke kike zuwa ki tafi, ni nake kwana da shi. Yau sai ya nuna mini abin da ya yi da kifina, gobe kuma mota za ta kai shi Madobi, na gama magana."

"A kan kifi?"

"A kan komai!"

Ya durƙusa ya cafko wuyan hannun Baba. Tsohon nan ƙashi ne da fata, amma hannun mai lalube ne, ya ƙi buɗuwa. Maharazu ya danne masa gwiwa da tasa gwiwar, ya shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe masa riga ta baya ina ja, ya ture ni da gwiwar hannu na bugu da kujera. Sai na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Baba bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi, bakinsa a buɗe. Ɗan yatsansa na tsakiya ya kwanta baya.

Hannun ya buɗe. Ƙuli-ƙuli ne a ciki, ɗan gutsure, ya jiƙe ya dame. Abincinsa ya rage yana kai wa kifaye.

Da mai hankali ne, nan zai tsaya. Amma zuciya ta riga ta hau kan Maharazu, kuma kunya ta ƙara mata wuta. Ya dubi ƙuli-ƙulin, ya dubi Baba, ya ce, "To haɗiye shi ka yi ke nan." Ya kama haɓar mahaifinmu ya matse, yana ƙoƙarin cusa masa yatsu a baki.

Idona ya rufe. Ban san lokacin da na fita tsakar gida ba, sai dai na ga tabaryar Fa'iza a hannuna. Na dawo na sauke masa ita a kafaɗa da iya ƙarfina, kuma mai juya buhun shinkafa kullum ba ta rasa ƙarfi. Ya saki Baba ya gantsare. Ya miƙe ya zabga mini mari, har na ji gishirin jini a bakina. Ƙanen da na goya a bayana. Na ce, "Yau ko ni ko kai." Na ɗaga tabarya da hannu biyu na nufi kansa, kuma wallahi kansa nake nufi. Ya sunkuya. Tabarya ta wuce ta samu gilashi.

Da farko tsaga ce kawai ta bi ta gangara. Muka tsaya muna kallonta, ni da shi, muna haki. Sai gaban akwatin ya ɓalle gaba ɗaya.

Ruwa ya kwashe mini ƙafa na zauna daɓas. Gilashi ya yanki Maharazu a ƙauri, jini ya bi ruwan ya malale tayil. Duwatsun suka gangaro suna farfashewa, falo ya ɗauki ƙarni. Fa'iza ta yi salati ta ruga ta kashe wutar gidan. Kifayen nan masu tsada suna ta tsalle a ƙarƙashin kujeru, ja da shuɗi da rawaya.

Sai na ji muryar Baba, da ƙarfi, irin wadda na rabu da ji tun Inna na da rai.

"An ɗauke ruwa! Ku kawo ƙwarya, an ɗauke ruwa!"

Yana rarrafe a cikin fasassun gilashi, hannun da aka karya a rataye, yana kamun kifi da na hagu. Ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. In ya kama sai ya sa a cinyar rigarsa, yana cewa, "Sannu, sannu, yanzu za ku sha." Fa'iza ta shigo da bokitin ruwan randa, ni da ita muka taya shi zubawa. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa waɗannan ba su san ruwan daɗi ba. Suka yi ta juyi a bokitin kamar an zuba su a mai, can suka fara kifewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tsuguna yana taɓa su da yatsa yana cewa su tashi.

Fa'iza ce ta fara ganin abin. Ta ƙwalla ƙara ta haye kujera.

Babban dutsen da ke tsakiya ya rabe biyu, wani abu yana zarowa daga cikinsa. Kamar shanshani yake, amma ya kai kaurin yatsa biyu, tsawonsa kuwa ya fi kamu, har yanzu bai gama fitowa ba. Jikinsa na ƙyalli, ƙafafu birjik ta kowane gefe, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar almakashi. A cikin dutsen ya zo tun daga teku, yana kwance a falon nan duk tsawon lokacin, ana kunna masa wutar sola. A bakin ramin da ya fito ga rabin ɗan kifin nan, ruwan lemo da ratsin fari, an datse shi tsaf daga ciki zuwa wutsiya.

Maharazu ya daɗe yana kallon rabin kifin. Sai ya fizge tabaryar daga ƙasa ya hau dukan abin. Ya daka shi, ya daka, ya tsinke gida-gida kowane yanki na motsi, bai daina ba. Tayil ya fashe, tsinin tabarya ya tsage, yana duka yana wani irin gurnani, jini na bin ƙafarsa. Ban hana shi ba. Na san ba tsutsar yake duka ba, kuma ban ji tausayinsa ko kaɗan ba.

Da ƙarfinsa ya ƙare ya saki tabaryar. Ya juyo ya ga yatsan Baba, ya kumbura ya yi baƙi. Ya tako a hankali cikin ruwan, ya zube gwiwa biyu a kan gilashi bai ma ji ba.

"Baba," ya ce. "Baba, ka yafe mini. Kawo hannun in gani. Babu inda za a kai ka, wallahi babu. Tashi mu je asibiti."

Ya miƙa hannu. Baba ya zabura ya ja da baya da gindi, har ya ture bokitin. Ya lallaɓo bayana ya ƙanƙame mayafina. Ya leƙo ta gefen kafaɗata ya dubi mutumin da ke durƙushe, ya dube shi sosai, daga hula har ƙafa. Babu fushi a idonsa, tsoro ne kawai.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, amma kowa a falon ya ji.

"Baiwar Allah, ki taimake ni. Wannan mutumin zai kashe ni. Ki aika a kira mini ɗana Maharazu ya zo ya fitar da shi."