Masarar Nuhu

Tanko yana tsugune a gaban mai kifi yana juya wata tarwaɗa da yatsa, sai ya ji an kama masa riga ta baya. Malam Ƙasimu ne, manomin nan na Dagumawa da yake ba shi aron gona duk damina. Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta fara cika, ana ta kora shanu zuwa kara. Suka ja gefe suka gaisa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwa, aka tambayi Marta matar Tanko da yaran da ke makaranta, aka tambayi ƙafar Hansai matar Malam Ƙasimu. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan dattijon ya rage murya.

"Allah ne ya kawo ka, Malam Tanko. Wayata ta mutu tun jiya, babu caji. Ƙanena ya iso da safen nan, ya ce kogi ya kawo a wajensu, ruwa yana tafe. Ka gaya wa ɗan'uwanka Nuhu ya karye masararsa gobe da sassafe, ko ta bushe ko ba ta bushe ba. In ya bari ta kai jibi, sai dai ya shiga gonar da kwalekwale."

Tanko ya ce to. Malam Ƙasimu ya ce kada ya manta. Ya ce ba zai manta ba.

A wurin Malam Ƙasimu duk Kiristocin da ke aiki a jami'a 'yan gida ɗaya ne. Bai san Tanko daga kudancin Kaduna yake ba, Nuhu kuwa daga Ɓilliri, kuma ko da ya sani ba zai ga bambanci ba. Tanko ya biya kifinsa ya nufi inda ya ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa.

Shi ne ya kai Nuhu wurin Malam Ƙasimu. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Lokacin da Nuhu ya zo koyar da lissafi, matashi ne mai jaka biyu, bai daɗe da auren Alheri ba, a falon Tanko ya kwana kafin a ba shi gida a kwatas. Tanko ya nuna masa mai wanki, ya nuna masa inda ake samun nama mai kyau, ya shigar da shi zumuntar da suke yi a gidansa kowace Juma'a da yamma. Da Nuhu ya ce yana son ya ɗan taɓa noma, Tanko ya ɗauke shi a mota har Dagumawa.

Gonar da Tanko yake nomawa jigawa ce, rairayi, gero da wake kawai take yi, su ma sai da taki. Malam Ƙasimu yana da wani yanki a fadama, a bakin kogi, baƙar ƙasa mai laushi. Tanko ya nemi yankin nan ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ita ce bari mu gani. Shekaru suka yi ta tafiya ana gani. Nuhu ya je sau biyu, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa, ya sa hannu a kwanon tuwo, ya yi wa Hansai wasa da ɗan Fillancin da ya iya har ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Damina na faɗuwa aka ba shi fadama.

Tanko bai nuna komai ba a lokacin. Ya ma taya shi murna. Amma ya daina bin hanyar bakin kogi in zai je gonarsa, don kada ya ga masarar nan da ta fi mutum tsawo.

A laburaren jami'a yake aiki. Da azahar abokan aikinsa Musulmi suka tafi masallaci, wurin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ya ciro Littafi Mai Tsarki daga aljihun tebur don ya shirya nazarin yamma, domin shi ne zai jagoranta. Al'adarsa ce tun yana saurayi ya karanta wuri ɗaya da asuba ya yi ta juya shi a ransa har dare. Wurin da aka tsara na ranar shi ne labarin mutumin nan mai 'ya'ya biyu, wanda ƙaramin ya karɓi rabonsa ya tafi ya watsar, ya dawo a tsiyace, uban ya yanka masa ɗan maraƙi. Tanko ya koyar da shi sau da yawa. Ya san inda zai tsaya: tuba, da jinƙan uba. Ya sa alƙalami ya ja layi a daidai inda aka fara biki. Abin da ke ƙasa da layin, maganar babban wan da ya dawo daga gona ya ji kiɗa ya ƙi shiga gida, ya ga lokaci ba zai isa a taɓa shi ba.

Yana nan zaune Nuhu ya shigo da littattafai a hammata zai mayar. Ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba.

"Baba, barka da aiki. Alheri ta kai wa Mama ɗanyar masara da safe, a gasa wa 'yan zumunta. Ka ga 'ya'yan kuwa? Kamar haƙoran doki."

Tanko ya ce madalla. Nuhu ya jingina da tebur ya ci gaba da zuba. Ya ce sauran zai bar ta mako biyu ta bushe a jikin karanta. Ya ce gobe da asuba zai tafi Kano ɗaurin auren wani abokinsa, sai Lahadi da yamma zai dawo. Ya tambayi Tanko ko akwai abin da zai sayo masa a Sabon Gari.

Tanko ya dubi littattafan, ya buga musu hatimi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce babu komai, Allah ya kiyaye hanya.

Bayan fitar Nuhu ya zauna yana ba kansa hujja. Ƙanen Malam Ƙasimu mutum ne mai zuzuta magana. Bara ma an ce ruwa yana tafe, ya zo ya tsaya a gindin giginya. In aka sa yaro ya karye masara ɗanya ruwa kuma bai zo ba, wa za a zarga? Kuma ba shi ya aiko ruwan ba. Wanda ya karɓi fadama ya karɓe ta da kogin da ke gefenta. Hujjojin duk suna da kyau. Amma a bayansu akwai wani hoto da yake ta dawowa: jan ruwa ya shanye gonar, kan masara kawai ke leƙowa, Nuhu yana tsaye a tudu da wando a naɗe. Duk sanda hoton ya zo sai ya ji wani sanyi a ƙirjinsa. Ya san sunan abin. Ya rufe Littafin ya mayar aljihun tebur.

Da ya koma gida ya tarar da Marta a bayan kicin tana fifita gawayi, masara a jere a kan waya. Ta miƙo masa ɗaya, ya ce ba ya jin yunwa. Ta dube shi, ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin ya ƙi gasasshiyar masara ba, ko haƙori ne. Ya ce gajiya ce. Ya shiga ya jera kujerun roba a falo.

Mutane suka taru kafin rana ta faɗi. Ma'aikata kaɗan ne, da wata nas, da ɗalibai da suka zauna a ƙasa suka jingina da bango. Nuhu da Alheri suka zo a babur, suka zauna kusa da ƙofa. Aka yi waƙa biyu, nas ɗin ta yi addu'ar buɗewa, Tanko ya sa wata ɗaliba ta karanta. Ya manta bai gaya mata inda za ta tsaya ba. Ta wuce layinsa, ta karanta har ƙarshe: wan ya yi fushi, ya tsaya a waje, uban ya fito yana lallashinsa, shi kuwa yana lissafa shekarun da ya yi yana bauta ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ba.

Tanko ya yi maganarsa a kan tuba, kamar yadda ya shirya. Da ya buɗe fili, babu wanda ya bi ta kan ƙaramin. Wani ɗalibi ya ce shi fa gaskiya yana bayan wan, domin a gidansu ma haka ake yi, wanda ya fi rashin ji shi ake saya wa waya. Aka yi dariya. Nas ɗin ta ce wan ba uban yake wa aiki ba, lada yake wa aiki, shi ya sa yake ƙirga. Marta daga bakin kicin ta ce ita ɗan maraƙin take tausayi, shi da bai je ko'ina ba. Aka sake dariya, aka zagaya da tiren masara. Tanko ya miƙa wa na kusa da shi.

Nuhu bai saba yin shiru a nazari ba, amma yau sai da aka kusa tashi ya yi magana. Bai ɗaga kai daga Littafinsa ba.

"Ni abin da na gani shi ne ba a gaya mana ko ya shiga ba. Labarin ya ƙare yana tsaye a waje. Kuma ba wanda ya jawo shi. An dai bar masa ƙofa."

Tanko ya ce haka ne. Ya nemi wanda zai rufe da addu'a, ba wanda ya motsa, sai ya yi da kansa. Ya roƙa wa marasa lafiya, da ɗalibai masu jarrabawa, da ƙasa. Ya zo kan masu tafiya, inda ya saba ambaton suna, sai bakinsa ya tsaya. Falon ya yi shiru har wata ɗaliba ta buɗe ido ɗaya. Ya ce cikin sunan Yesu, aka ce amin.

Ana kiran magariba a masallacin kwatas mutane suka watse. Alheri ta shiga kicin taya Marta kwashe kwanuka. Nuhu yana waje yana goge sirdin babur da tsumma. Tanko ya tsaya a bakin ƙofa da kujera a hannu. Ya ajiye ta ya fita.

Bai yi wata shimfiɗa ba. Ya ce ya haɗu da Malam Ƙasimu a kasuwa da safe, kogi ya kawo, a karye masara gobe da sassafe, kada ta kai jibi. Ya ce tun a laburare ya kamata ya faɗa. Bai ce ya manta ba.

Nuhu ya ninke tsumman ya cusa a ƙarƙashin sirdi.

"Na ji, Baba. Inna Hansai ta ari wayar maƙwabta ta kira Alheri da la'asar. Na fasa zuwa Kano, na ma samu mutum huɗu da za su taya ni. Ta ce Baba Ƙasimu ya ba ka saƙo tun safe. Ta ce ƙila aiki ya sha kanka."

Tanko ya dubi tayar babur. Ashe da saninsa Nuhu ya shigo falon, da saninsa ya zauna kusa da ƙofa ya ci masara, ya saurari wa'azin tuba daga farko har ƙarshe. Ya jira Nuhu ya tambaye shi dalili. Nuhu bai tambaya ba. Kuma ko a wannan tsayuwar, da kunya ta rufe shi har wuya, wani abu a cikinsa yana gefe yana nasa lissafin: Inna Hansai. Shi shekara da shekaru matar Malam Ƙasimu yake ce mata, ita kuma ba ta taɓa neman lambar Marta ba.

"Abin da ban samu ba mota ce," in ji Nuhu. "Masu a-kori-kura duk sun yi lodin kasuwa, sun ce sai Lahadi."

Alheri ta fito da kwano a ɗaure cikin ɗankwali, ta durƙusa ta yi wa Tanko sai da safe, ta hau bayan mijinta. Nuhu bai tayar da babur ba. Yana riƙe da kan, yana kallon hanya.

Tanko ya ce motarsa ba ta son laka, sai dai a tsaya da ita a tudu a riƙa ɗauko buhuna a ka. Nuhu ya ce ba komai, za a ɗauko. Tanko ya ce to su same shi a bakin gada in gari ya fara wayewa.

Babur ya tashi ya bi layin kwatas ya sha kwana. Tanko ya ɗauki kujerar da ya bari a bakin ƙofa ya shiga da ita. Marta tana share ɓawon masara a falo. Ya tambaye ta inda ta ajiye tsofaffin buhunan gero, ta ce suna bayan tankin ruwa, amma ɓera ya huda wasu. Ya ce ta ba shi allura da zare.