Makin Tausayi

Malamar aji tana shirin rufe kwamfuta ke nan tela ya yi sallama a ƙofar ofishin malamai, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ɗansa a bayansa. Yaron shi ne wanda duk makaranta ke kira Gwamna, saboda fara'a da iya gaisuwa.

Telan ya ƙi zama. Ya ce ya ji an buɗe ajin ƙarin karatu da yamma don yaran da aka bari a baya, kuma yau ake rufe ɗauka, a taimaka a sa masa Gwamna. Jiya wata mai kawo ɗinki ta turo saƙo a waya, ya miƙa wa yaron ya karanta masa, har gumi ya keto masa bai kai ƙarshen layi ba. Ga jarrabawar fita baɗi.

Malama ta ce ba ita ke zaɓa ba. Na'ura ce ke tara makin kowane yaro, wanda ya gaza arba'in ko a darasi ɗaya ne sai ta shafa wa sunansa ja, jajayen kaɗai kuma shugaban makaranta ke yarda a ɗauka. Ta nemo sunan Gwamna a kwamfutar. Kore shar. Lissafi arba'in, kimiyya arba'in, tarihi arba'in.

Ta juya ta dubi malamin lissafi da ke ɓare lemo a kusurwa. Ya ce gaskiya yaron bai kai ba, shi ya cika masa, don wa zai kalli fuskar nan ya kayar da ita? Malamar kimiyya ta ce ita dai ba ta so ja ya fara daga kanta. Ashe kowa ya ɗauka shi kaɗai ya yi alherin.

"Kun ji tausayinsa har na'ura ta daina ganinsa," in ji malamar aji.

"To ke nawa kika ba shi, uwar gaskiya?" in ji malamin lissafi.

Makinta na darasin karatu ne kaɗai ba a shigar ba. Ta zaro takardar yaron daga jaka. Ashirin da uku ta rubuta da biro. A gefe, da fensir, da hannunta, arba'in.

Ta yafito Gwamna, ya matso yana murmushin nan nasa.

"Zan kayar da kai," ta ce. "A gaban babanka."

Murmushin ya ɗauke. Ta buga ashirin da uku, sunan ya rikiɗe ja.

Telan ya sunkuya ya ƙura wa allon ido. "Malama, wannan jan na alheri ne?"

"Gobe bayan an tashi. Ya zo da fensir."

Telan ya yi ta godiya har bakin ƙofa. Gwamna kuwa ya bi bayansa, bai yi wa kowa sallama ba.