Ba a San Asalin Direban Ba

Karo na huɗu ke nan Kubura tana zare wayar firinta, ta hura mata iska, ta mayar, sai ka ce mai hura gawayi. Firinta ta yi ƙugi, ta ja takarda rabi, ta tsaya cak. 'Yar fitilarta sai ƙifta ido take yi kamar marar gaskiya.

Talatu tana zaune a kan benci da jaka a cinya. Tun hantsi ta zo shagon nan na bakin kasuwar Daura karɓar katin bikin 'yarta Amatullah. Asabar ɗaurin aure, yau Litinin, ko maƙwabta ba su ga kati ba.

"Ke Kubura, abin naki aljanu gare shi ne?"

"A'a Inna. Jiya kwamfutar ta sabunta kanta ba da izinina ba. Tun daga nan suka daina magana da firintar."

"Au, gaba suke. To ai gaba ba a hura mata iska, sulhu ake yi."

Sulhun kuwa Kubura ta ɗauko. Ta jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin tebur, ta zaro faifai, ta goge shi da gefen hijabi, ta cusa wa kwamfuta. Aka yi ɗan jim. Can sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allo, da jar alama a kansa da Turanci cunkus. Kubura ta matso da fuska tana karantawa, tana mayarwa da Hausa ƙasa-ƙasa, ita da kanta.

"Wai an kasa gano asalin direban nan. Wai ba a amince da shi ba, zai iya jawo ɓarna."

Talatu ta daina taunar goron da ke bakinta. Angon da za a ɗaura wa 'yarta aure, Kalilu, direba ne. Motar haya yake ja tsakanin Daura da Zango. Kuma a gaban idonta, makon jiya, Kubura ta dandanna sunansa ta zuba a cikin wannan kwamfutar.

"Maimaita abin da kika ce."

"Wai ba a san asalin direban ba."

"Wa ya gaya mata direba ne? Kin rubuta sana'arsa a katin?"

Kubura ta waigo ta ga fuskar Talatu, sai dariya ta ƙwace mata. "Haba Inna, ba Kalilu ba fa. Direban firinta. Wani ɗan shiri ne da ake sa wa kwamfuta, shi ke kai saƙo daga nan zuwa can. Haka Turawa suka sa masa suna."

"Firintar ƙafa gare ta da za ta ɗauki direba?"

"Suna ne kawai."

Talatu ta ce to. Amma to ɗin baki ce, cikinta bai ce to ba. Don ita ta san irin binciken asalin da aka yi. Baffan yarinyar, Abbas, ƙanin marigayi mijinta, shi ya je Zango. Mutumin da ya kori wani malamin makaranta daga neman Amatullah don ya kasa faɗin sunan kakan kakansa. Ya tafi da safe, Alhaji Hamma da aka ce shi ne uban ango ya yanka masa zabi biyu, ya dawo da la'asar yana sakace, ya ce gidan mutunci ne gaba da baya. Iyakar binciken ke nan. Zabi biyu.

Tana cikin wannan lissafi sai ga sallama. Kalilu ne, ya zo ɗaukar katin da zai raba a Zango da Mashi. Da ya ga surukarsa sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya hanya?"

Ba ta dube shi ba, ba ta kuma kama sunansa ba, ai da kunya. Sai ta juya wajen Kubura. Ta gyara zama, ta ɗan ɗaga murya, irin ta mai jefa dutse a rijiya don ta ji ko da ruwa.

"Kubura, kika ce kwamfutar ta ƙi buga katin saboda me?"

"Inna, na gaya miki..."

"Abin da ta rubuta za ki faɗa, ba naki ba."

Kubura ta danne dariya. "Ta ce ba a san asalin direban ba."

Makullin mota ya suɓuce daga hannun Kalilu ya faɗi a siminti. Bai ɗauka ba. Ya dubi allon nan mai jar alama, ya dubi ƙasa. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Dama na sani," in ji shi. "Tun ranar da suka ɗauki zanen yatsuna wajen yin katin ɗan ƙasa, aka ce mini kwamfutocin nan duk bakinsu ɗaya."

Dariyar Kubura ta koma ciki.

"Inna, Alhaji Hamma ba shi ya haife ni ba. A tashar Zango ya tsince ni, ina shekara uku. Wata mata ce ta sauko daga motar ƙetare ba ta da lafiya, ta kwanta a rumfar 'yan kamasho, ba ta tashi ba. Ba wanda ya san sunanta, ba wanda ya zo nema. Alhaji ya kai ni gida, matarsa Hajiya ta goya ni. Manyan unguwa sun sani, ba sa faɗa. Ni ma sai da na yi gemu aka gaya mini."

Kubura ta toshe baki da hannu biyu, tana kallon kwamfutarta kamar yau ta fara ganinta. Talatu kuwa dutse ta jefa don ta ji ruwa, sai ga rijiyar ta biyo shi waje.

"Yarinyar ta sani?"

"Ta sani. Ita ta ce kar na faɗa, in Baffa Abbas ya ji an gama."

An gama kuwa. Talatu ta san Abbas. Kafin magariba zai sa a mayar da lefe, akwati bakwai, a kan amalanke, ta tsakiyar kasuwa don kowa ya shaida. Amatullah da ta kai shekara ashirin da shida tana jira, ta koma jira.

Ta dubi wanda ke durƙushe. Shekara biyu yana zuwa gidanta. Ranar da ciwon ƙafa ya kayar da ita, shi ya sauke fasinja a hanya ya kai ta asibiti. Ta tuno nata mijin, Allah ya jiƙansa, mai asali har kaka bakwai, ana jero su kamar carbi. Kakannin nan bakwai ba wanda ya taɓa aiko mata da mudun gero ranar da ya fita bai bar na cefane ba.

"Kubura," ta ce, "to yanzu me ta ce a yi?"

Kubura ta sauke hannu daga baki da ƙyar. "Zaɓi biyu ta bayar, Inna. Na sama ya ce kar a saka shi. Na ƙasa ya ce a saka shi haka nan, in mutum ya yarda da inda ya samo shi."

"Ke ina kika samo naki?"

"A kwalin firintar ya zo."

"Ya taɓa cutar ki?"

"Shekara shida yana mini aiki."

"Danna na ƙasan."

Kubura ta danna. Wani koren layi ya fara rarrafe a allo. A hankali ya kai ƙarshe. Fitilar firinta ta daina ƙifta ido. Ta yi ƙugi, ta ja kati, wannan karon ta turo shi waje gaba ɗaya, da ɗuminsa kamar waina.

Talatu ta karɓa, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, duk ɗaya ne a wurinta tunda ba ta iya karatu ba.

"Nan wajen sunan Alhaji Hamma, ɗan aka rubuta ko iyalan?"

"Iyalan Alhaji Hamma Zango."

"To ba a yi wa kowa ƙarya ba." Ta dubi Kubura. "Kwamfutar nan taki tana magana da Abbas?"

"Inna, Baffa Abbas ko saƙon waya sai an karanta masa."

"Madalla. Ke ma ki yi koyi da ita, da firinta kaɗai za ki riƙa magana."

Katunan suna ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kalilu yana nan durƙushe, hawaye na bin gemunsa, makulli a ƙasa. Talatu ta miƙa katin farko ta gefe, ba ta dube shi ba.

"Ungo. Wannan na babanka ne, shi za ka fara kai wa. Ka ɗauki makullinka, fasinja na jira."