Dutsen da Ya Faɗo Gidan Ɗan'inna

Ɗan'inna tela yana tsoma dutsen cikin bokiti sa'ad da motar jami'a ta tsaya a ƙofar gidansa a Limawa. Layin masu kofi ya kai bakin titi.

Shekaranjiya da hantsi aka ji ƙara kamar aradu, dutsen ya huda kwanon banɗakinsa, ya farfasa buta, shi kuma ya fito a guje riƙe da wando. Matarsa Sa'adiyya kaɗai ta gani. Amma labarin da ya ba unguwa daban ne: yana zaune a tsakar gida da carbi, dutse ya sauko gabansa a hankali. Tun daga nan ake shan ruwan wankin dutsen, don ciwon baya, don haihuwa, don ƙarin girma a ofis. Mutanen da suka shekara suna zaginsa kan ɗinkin salla yanzu Malam suke ce masa.

Dakta Jang, masanin duwatsu da ya zo a motar, ya juya dutsen a hannu. Baƙi ne ƙirin, girman kan akuya. Ya kara masa maganaɗisu, ya kama.

"Daga sararin samaniya yake, ya girmi duniyar nan," in ji shi. "Baƙin nan ƙuna ce ta shigowa iska. Irin na dutse ne, ba na ƙarfe zalla ba, sai ɗigo-ɗigon ƙarfe da nikel a ciki. Zan yanki kaɗan a gwada, a san ajinsa."

"Yana magani, Dakta?" Alhaji Sadisu mai unguwa ya tambaya, kofinsa na biyu a hannu.

"Ranka ya daɗe, dutse ne. Malam, nuna min daidai inda ya faɗi."

Ɗan'inna ya nuna gindin turmi. Dakta ya durƙusa, ya shafa simintin, ko tsaga babu. Ya miƙe yana waige-waige, har idonsa ya sauka kan hudar da ke rufin banɗaki. Duk wanda ke tsakar gidan ya bi idonsa. Sa'adiyya ta toshe baki da mayafi, ta shige ɗaki.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon cikin kofinsa.

"Ɗan'inna," ya ce a hankali, "ka dai sa masa sabulu?"

"Ranka ya daɗe, na ji tsoron kada albarkar ta fita."