Takardar da Na Yi Fifita da Ita

Mutanen unguwarmu a Tawa suna cewa Talle a baibai yake zane. Sai ya shafe takarda da gawayi ta yi baƙi ƙirin, sannan ya ɗauki gom, wato abin goge fensir, da auduga yana gogewa, har fuska ta fito daga cikin baƙin. Ni maƙwabcinsa ne, a rumfarsa nake dafa shayi da hantsi.

Wata Raƙiya ta zo daga Kalfu tana son fuskar mahaifiyarta, wadda ta rasu ba ta bar hoto ba. Kwana uku tana kwatanta masa, yana gogewa, tana cewa, "A'a, goshin ya fi haka faɗi."

Ran na huɗu wutar shayina ta ƙi kamawa. Na ga baƙar takarda a kan benci, ban duba ba na ninke ta na yi fifita. Da na buɗe, ashe fuskar mahaifiyar Raƙiya ce, tafin hannuna ya kwashe ido da kunci. Na mayar da ita, na yi shiru.

A gabana Talle ya ce wa Raƙiya, "Laifina ne, ban adana ta ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Malam Talle, ban san ko zuciyata za ta iya sake kwatanta ta ba."

Ta sa takalmi za ta tasha. Na ajiye shayin, na miƙe.

"Baiwar Allah, tsaya. Ba shi ba ne, ni ne. Da ita na hura wuta. Don Allah ku yafe mini, ke da shi."